Daga karofin Ƙofar Mata zuwa shafi 20: yadda nake haɗa fotfoliyona

6 ga Oktoba, 2024

Yau bayan la'asar na fito da duk wani aiki da na taɓa yi tun ina aji ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya har bayan bautar ƙasa, na baza su a tabarma tsakar ɗaki na ƙirga, guda 43. Niyyata in nemi digiri na biyu a fannin zanen yadi da saƙa a makarantar yadi ta Suwidin da ke Borås, wani gari gabas da Gothenburg da tun asali da masaƙu aka san shi. Irin wannan makarantar sakamakon jarabawa kaɗai ba ya shigar da mutum, sai an ga fotfoliyo, wato ka zaɓo ayyukanka ka jera su a fayil ɗaya ka tura, su duba su ga ko akwai abun da za su iya ginawa a kai. Shafin neman gurbi na Suwidin tsakiyar Oktoba ake buɗe shi a rufe 15 ga Janairu, kuɗin fom kurona 900 a kuɗin ƙasar. Kenan wata uku da 'yan kwanaki nake da su.

Abun da ke gabana: yadin aikin kammalawata mai zanen fulawa da na buga da sikirin (wato a tura fenti ta cikin raga mai ɗauke da zanen ya sauka kan yadi), tambarin shaguna guda tara da na yi wa mutane, zanen kwali na darasi, sai hotunan fuskoki 11 da na yi da biro, waɗanda su ne mutane suka fi so a Instagram kuma gaskiya ni ma su na fi ji da su, akwai ɗaya da ya ci min kwana 16. Na yanke wa kaina shafi 20. Zan riƙa rubuta abun da na yi a nan saboda kar lokaci ya sulale ban sani ba.

12 ga Oktoba

Na je Zariya. Tun a mota nake rungume da jakar zanen kamar jaririya saboda kar a danne min ita da kaya.

Malamina na sashen yadi, wanda ya duba min aikin kammalawa, shi na kai wa. Bai yi minti goma ba ya gama dubawa. Ya tattara hotunan biro ɗin gefe guda, ya ɗaga wanda na fi so ya ce, "Wannan hoton wa ya ɗauka?" Na ce Malam a intanet na samo. Ya ce, "To ai hasken na mai kamara ne, tsayuwar ta mai kamara ce, ke kin nuna mana hannunki ya iya kwafi, kuma ya iya ɗin. Idonki fa, yana ina?" Wallahi sai da na ji ƙirjina ya yi nauyi, na rasa abun cewa. Sai ya sake tambaya, ina littafin gwajina, ina ƙyallayen da suka lalace kafin in kai ga yadin fulawar. Na ce na zubar da mafi yawansu, ai sun ɓaci. Ya yi shiru ya ce, "Su ne fotfoliyon kika zubar."

Bayaninsa shi ne masu dubawar nan fayil ɗari-ɗari suke buɗewa, kuma yadi mai kyau gamamme ko a Kantin Kwari za a samu lodi. Abun da suke nema su gani shi ne ta ina kika fara, me kika tambayi kanki, me kika gwada ya ƙi, me ya sa kika canza hanya. Ya kuma ja min kunne a kan abu ɗaya da dama na riga na fara tunaninsa a mota: kar in ɗauko dagi da aska takwas in manna a kowane shafi don kawai a ce 'yar Arewa ce. Ya tuna min ɗaliban nan da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, tun makarantar ba ta zama jami'a ba don sai 1962 ta zama ABU. Ya ce Uche Okeke da ya koma ga zanen uli na Ibo, zama ya yi ya koyi yadda layin yake tafiya har ya shiga hannunsa, daga nan ya yi nasa. In zan taɓa kayan gida, in taɓa su haka.

Kafin in hau mota na shiga cikin birni na yi yawo wajen awa biyu ina kallon bangon gidaje. Na tsaya gaban wani tsohon zaure da rabin adonsa ya zube, ana ganin tubali ta ƙasa, na zana shi a tsaye a bayan wata takardar rasit don ita ce kawai a jakata. Zanen bai yi kyau ba amma na ajiye shi.

19 ga Oktoba

Satin nan gaba ɗaya ban taɓa fensir ba, ina ta juya maganar Malam. Shekaranjiya na je gaida Inna, kakata ta wajen uwa, na tarar tana shanya kayan adakarta. A ciki akwai wani zane saƙi baƙi na rini da ta ce tun na aurenta ne. Na ɗauka na ware shi a rana. Ashe ba baƙi ba ne. Inda aka naɗe shi shekara da shekaru ya koɗe ya zama shuɗi mai haske kamar sama da sassafe, gefen da take ɗaurawa a ƙugu ya fi ko'ina koɗewa, tsakiya kuma har yanzu duhu ne mai ɗan ja-ja in rana ta buge shi. Na tsaya ƙirga kalar shuɗin da ke jikin zane ɗaya, na kai takwas na daina. Inna ta ce, "Kishiya, zanen nawa kike so ki gada tun ina raye?" Na ce Inna ara min za ki yi. Ta ce in na ɓata mata shi kar in dawo gidan.

Yau da safe na tafi karofin Ƙofar Mata. A Kano aka haife ni, na sha wucewa ta wajen a adaidaita, amma sau ɗaya na taɓa shiga, shi ma da makaranta aka kai mu. A bakin ƙofar an rubuta 1498. Ramuka da yawa a rufe suke ko sun cike da ƙasa, kaɗan ne ake aiki a ciki. Na samu wani dattijo na gaishe shi na faɗa masa abun da nake so: ƙyalle 12 iri ɗaya, na farko a tsoma sau ɗaya, na biyu sau biyu, haka har na ƙarshe sau 12, kuma ina so in zauna in gani in rubuta. Ya kalle ni ya ce, "'Yata, mutane kawo kaya suke su tafi su dawo su karɓa." Na ce Baba ni kallon nake so. Ya ce to in zo da kujerata.

29 ga Oktoba

Yau kwana takwas kenan babu wuta, kuma ba unguwarmu kaɗai ba, kusan duk Arewa ce. Laftof ta mutu tun tuni, waya sai an kai caji shago naira 200 kuma a yi layi. Duk abun da na tsara yi a kwamfuta ya tsaya.

Sai na koma littafi. Na sayi littafin zane mai takarda mai ɗan kauri da fensir 2B da 6B da gawayin zane, kullum da safe ina zuwa karofi in zauna in zana abun da ke gabana. Da wahala fa. Hoto a waya tsaye yake yana jiranka har kwana 16, amma hannun Baba ba ya tsayawa, kafin in gama yatsa ɗaya ya juya ƙyallen ya matse ya ɗaga. Kwana uku na farko duk abun da na zana kamar reshen bishiya. Ranar na huɗu na daina ƙoƙarin zana yatsu, na riƙa bin layin da hannun yake yi daga ruwa zuwa sama, minti ɗaya kowane zane, na cika shafi shida. A nan na fara ganin wani abu mai motsi a takardata wanda ban taɓa gani a hotunan biro ba.

Hannunsa shuɗi ne har wuyan hannu, farcensa kuma kusan baƙi, ya ce ko ya yi wata bai taɓa ruwan ba ba ya fita duka.

9 ga Nuwamba

An gama ƙyallaye 12 ɗin, kuma dole in rubuta wannan da kyau don shi ne zai zama zuciyar fotfoliyon.

Ruwan ramin in ka leƙa sama-sama kumfa ce shuɗiya mai ƙyalli kamar an zuba mai, da wari mai ƙarfi irin na abun da ya ruɓa, amma can ƙasa ruwan kore-kore ne mai ɗan rawaya. Baba ya jiƙa ƙyallen farko da ruwa, ya tura shi ƙarƙashin kumfar a hankali ba tare da ya fantsama ba, yana murza shi a ciki da hannu, sannan ya fito da shi ya matse ya ware. Kore ya fito shar. Ina tsaye ina kallo, gefen da iska ta fara bugawa ya fara juyawa, koren yana ja da baya shuɗi yana bin sa daga baki zuwa tsakiya, cikin lanƙwasar da iska ba ta shiga ba kuma koren ya maƙale sai da ya buɗe ta da yatsa. Duka-duka bai fi minti biyu ba. Mun karanta wannan a aji, na ma rubuta shi a jarabawa: shuni ba ya narkewa a ruwa, sai an haɗa shi da toka da kanwa an bar shi ya ruɓa kwanaki, ƙwayoyin halittar da ke cikin ramin su canza shi ya zama mai narkewa ya shiga cikin zare, in ya fito ya sha iska ya koma yadda yake ya maƙale a ciki. Na sani a takarda. Amma ranar ce na fahimci dalilin da ya sa ba a samun duhu da daɗewa a ruwa kaɗai, sai an fito an sha iska an koma, hawa kan hawa. Shi ya sa zanen Inna yake koɗewa mataki-mataki, abun da aka ɗora a hankali shi yake sauka a hankali.

Na rubuta komai: lokacin kowane tsomi, minti nawa a iska, ƙarfe nawa na rana. Daga na 1 zuwa na 5 bambancin a fili yake ko daga nesa. Daga na 8 zuwa 12 sai ka jera su kusa da juna a rana kafin ka gane. Na kai na 12 wajen mabuga suka ninke shi suka ɗora a kan gungume suna dukansa da manyan sanduna su biyu, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, har ya fito yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Irin wannan sheƙin ne na rawanin Buzaye da ake yi a Kura. Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda rinannen kayan garin nan yake kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, ga shi yau ramuka nawa ne suka rage, tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin kanti a 1897 abun yake ja da baya ko'ina a duniya. Ban so in mai da fotfoliyon wajen kukan tarihi ba, layi biyu kawai zan sa a kai, amma dai na ji shi a raina ina zaune a wajen.

17 ga Nuwamba

Mummunan sati. Na so in ɗauko adon bangon nan na Zariya in mai da shi yadi ta hanyar ɗinki da ɗauri, wato in zana layin a kan farin yadi, in bi shi da allura, in ja zaren ya tattare sosai yadda rini ba zai shiga ba, bayan an rina in warware layin ya fito fari. Na yi kwana biyar ina ɗinki har yatsana ya yi kanta. Aka tsoma sau shida, ya fito wani fari-fari mai dabbare-dabbare kamar an wanke shi da ruwan bula.

Baba ya murza yadin a yatsa ya ce, "Wannan ai da roba a ciki." Na ce mai shagon ya rantse min auduga ce zalla. Ya zare zare ɗaya daga gefe ya kunna masa ashana, maimakon ya ci ya zama toka sai ya narke ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Ya ce auduga in ta ƙone warin takarda take yi kuma tokarta murjewa take a hannu. Yadi biyar na saya. Na dawo gida na yi kukana.

Da dare har na ɗauki ƙyallen zan jefa a kwandon shara sai na tuna, na ɗauko shi na goge na liƙa a littafi tare da ɗan dunƙulen zaren da ya narke a cikin leda, na rubuta kwanan wata da abun da ya faru a ƙasa. Na sake sayen akoko a wani wajen, wannan karon da ashana a jakata, na dafa shi da sabulun soda na wanke sau biyu saboda sitacin da ke jikin sabon yadi shi ma yana hana rini kamawa daidai.

30 ga Nuwamba

Na biyu ya yi. Ba duka ba, layukan da suka yi kusa da juna sun haɗe sun zama farin gajimare, amma manyan lanƙwasar zauren sun fito, har da inda adon ya zube wanda da gangan na bar shi ba ɗinki. Na gane tazarar da ke tsakanin layi da layi kar ta gaza faɗin yatsa. Na uku da na huɗu na yi su da wannan ƙa'idar, na huɗun shi ne zai samu shafi guda shi kaɗai.

Wani abu kuma da ban tsara ba ya shigo. Na mayar wa Inna zanenta na nuna mata ƙyallaye 12 ɗin, ta shafa su ta ce rinin ya yi amma yadin ba shi da rai, na inji ne. Ta sa aka ɗauko mata wata tsohuwar taskira a ƙarƙashin gado, ga mazari a ciki da guntun alli. Ta ce rabonta da kaɗi ya fi shekara talatin. Na samo mata auduga, muka zauna muka cire gurya, ta shafa alli a yatsu ta murza mazarin ya hau juyawa a cikin 'yar tasa, hannun hagu yana sama yana sakin audugar kaɗan-kaɗan. Na farko ya tsinke, na biyu ya tsinke, ta ce in daina kallonta. A na uku zaren ya tafi. Ni da na karɓa abawa kawai nake fitarwa, wani waje kauri wani waje kamar gashi, ita kuwa nata siriri ne daidai. Na zana ta shafi huɗu, na ɗauki hoton hannunta kawai don ta ce ba ta yarda a kai fuskarta ƙasar Turawa ba.

Zaren nata da nawa duka na kai karofi. Nawa mara daidai ɗin ya sha rini wani iri, inda ya yi kauri ya fi haske a ciki, inda ya murɗe sosai ya fi duhu. Zan kai wa wani masaƙi ya saka min su a ƙwarya ɗaya siririya, wato ɗan dogon ƙyallen saƙi, nata a tsaye nawa a kwance.

14 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai. Baba ya ce da sanyi ruwan ramin yana yin nauyin aiki, sai rana ta ɗaga suke farawa. Alhamdu lillahi na gama yawancin rinin kafin yanzu.

Ɗaukar hoto kuma ashe wani aiki ne mai zaman kansa. Shuni yana wahalar da kamarar waya ba kaɗan ba, a ɗaki da ƙwan lantarki ƙyallayen suna fitowa kamar ruwan goro-goro ko shunayya, a tsakar rana kuma na 9 zuwa 12 duk baƙi ɗaya suke zama, aikin wata guda ya tafi a banza kenan in aka gan su haka. Na gwada kwana uku kafin na samu hanya: ƙarfe bakwai da rabi zuwa takwas da rabi na safe, a inuwar baranda, in shimfiɗa farin kwali a ƙasa, in ɗora waya a kan kujera biyu da katako a tsakani yadda za ta kalli ƙasa sak ba karkace ba, in sa mata lokaci ta ɗauka da kanta don hannu yana rawa. A kowane hoto ina barin gefen farin kwalin ya fito, da shi nake daidaita fari a manhajar gyaran hoto ta Snapseed, in farin ya zama fari na gaskiya to shuɗin ma ya dawo daidai. Hazon hunturun ma taimako ya yi don ya tausasa hasken, ƙurar ce dai sai na yi ta kaɗewa kafin kowane ɗauka.

Wanda aka buga mai sheƙi shi kaɗai na ɗauka daga gefe, da rana tana bugunsa a kwance, in ba haka ba sheƙin ba ya fitowa. Shafukan littafin zane kuma sikana na kai su a ɗauka a 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto), wajen farko sun ƙara musu haske har layin fensir ya ɓace, na biya na tafi wani wajen na tsaya a kansu aka sake.

Masaƙin ya kawo ƙwaryar. Faɗinta bai wuce tafin hannu ba, tsawonta kamu uku. Na daɗe ina riƙe da ita.

22 ga Disamba

Jeri. Na buga ƙananan hotunan komai na yanka na baza a ƙasa ina matsar da su, ya fi min sauƙi a kan allon kwamfuta. Yadda ya tsaya yanzu: shafin farko zanen Inna a ware ba rubutu sai suna. Shafi shida na matakan shuɗi, daga zanen hannun Baba zuwa teburin lokutan da na rubuta da hannu zuwa ƙyallaye 12 a jere. Shafi shida na bangon Zariya, kuma takardar rasit ɗin nan ce ta buɗe su, sai yadin roban da ya lalace da dunƙulen zarensa, sai na biyu, na uku, na huɗu. Huɗu na kaɗi da saƙa. Biyu na littafin zane zalla. Ɗaya na yadin fulawar aikin kammalawata don a ga na iya sikirin da maimaita zane. A ƙasan kowane aiki na sa shekara, kayan da aka yi da shi, girmansa da santimita, da kuma wanda ya yi me. Wannan na ƙarshen na ɗauke shi da muhimmanci: ni ban haɗa ruwan rami ba, ban yi bugu ba, ban yi saƙar ba, don haka na rubuta a fili cewa rini na marinan Ƙofar Mata ne, saƙa ta masaƙi ce, zaren tsaye na kakata ne, tsari da ɗinki da ɗauri da zane nawa ne.

Yaya ya shigo ya tarar da ni a kai, ya duba ya ce, "Ina hotunan biro ɗin? Kin cire abun da kowa ke yabo kin sa tsumma da ya ɓaci?" Na yi masa bayani bai gamsu ba, ya ce ko ɗaya ne in sa. Na san don yana so na ne, shi ya fara saya min biro kwali guda lokacin ina sakandare. Na sa ɗaya a shafi na 19 na kwana da shi, da safe na duba sai na ga kamar baƙo ne ya shigo cikin 'yan gida, ba abun da ya haɗa shi da na gabansa ko na bayansa. Na cire. Na ce wa Yaya zan sa masa shi a firam ya rataya a shagonsa.

4 ga Janairu, 2025

Na tura wa Malam PDF ɗin ta WhatsApp, ya kira ni da daddare. Gyara uku ya ba ni. Rubutun ya yi yawa, in rage rabi, mai dubawa ba zai karanta sakin layi uku a shafi ba. Kalmomin nan na Turanci masu kumbura irin na "al'adunmu masu ɗimbin tarihi" duk in share su in faɗi abun da na yi da abun da na gani kawai. Sannan shafin ƙarshe kar ya zama gamammen aiki, ya zama abun da nake so in je in yi a can wanda ba zan iya yi a nan ba.

Na ukun ya hana ni barci, don sai a lokacin na tambayi kaina da gaske. Abun da na rubuta daga ƙarshe shi ne ina so in saƙa yadin da aka tsara koɗewarsa tun daga farko, zare mai tsomi 2 da mai tsomi 12 a hawa daban-daban a saƙa ɗaya, yadda in an yi shekaru ana sawa ana wankewa wani zane zai riƙa fitowa daga ƙasa, kamar yadda ya faru da zanen Inna ba da niyya ba. Wannan yana buƙatar masaƙar jakad mai iya sarrafa kowane zare shi kaɗai, da wajen gwada gogayya da wanki. Na yi ƙaramin gwaji da hannu, na goge gefen ƙwaryar saƙar da dutsen goge ƙafa sau 200 na ɗauki hoto kafin da bayan. Shi ne shafi na 20.

13 ga Janairu

Fayil ɗin ya fito megabait 86 da farko, na yi ta matse shi ina duba kar shuɗin ya farfashe, ya dawo 18. Na buɗe shi a waya uku da laftof biyu don in ga kalar, a wayar ƙanwata ya ɗan yi shunayya amma ƙyallaye 12 ɗin ana bambance su duka.

Kuɗin fom katina na naira ya ƙi biya, sai ɗan kawuna da ke karatu a waje ya biya da nasa na tura masa nairar, ta haura dubu 100. Ƙarfe 11 da minti 40 na safe na danna tura, na ɗauki hoton allon na aika wa Malam da Yaya. Saura takardun makaranta da zan ƙarasa lodawa, sakamako kuma sai wajen ƙarshen Maris.

Da yamma na biya karofi na kai wa Baba hoton hannunsa da na zana, wanda na fi so cikin na minti ɗaya-ɗayan nan, na sa masa a leda saboda ruwa. Ya juya shi sama da ƙasa ya ce, "Wannan ai lokacin matsewa ne." Na ce eh Baba, shi ne. Ya ce ruwan da ke ramin gefe sabo ne, jibi zai nuna, in ina da sauran zaren tsohuwa in kawo. Akwai dunƙule biyu a taskirar Inna, gobe zan je in roƙe ta.